Nawa kuka kashe? Yadda muka zagaya laburare uku kafin mu zaɓi manhajar da za mu ɗora namu a kai

Maganar nan ta faro ne a farkon 2024, a wani mitin da aka kira saboda masu tantance kwasa-kwasai sun kusa zuwa kwalejinmu, kuma kowa ya san in sun zo sai sun leƙa laburare sun tambaya ko an ɗora shi a kan kwamfuta. Mu kuwa har lokacin katin katalog muke amfani da shi, irin na cikin akwatin katakon nan mai ƙananan durowa, aron littafi kuma a wani ƙaton rajista ake rubutawa, in ɗalibi ya zo neman littafi sai dai ka ce masa je ka duba kanta ta kaza, in bai gani ba toh ko an ara ko an sace ko wani ya ɓoye shi a bayan wasu littattafan don ya dawo gobe ya same shi, ba mai iya gaya maka wanne ne.

Shugaban kwaleji ya dubi shugabar laburarenmu ya ce, "Hajiya ni abu ɗaya nake so ki kawo min, su wane nawa suka kashe, su wane nawa suka kashe, mu nawa za mu kashe, shi ke nan." Ta ce "Ranka ya daɗe in sha Allahu." Muna fitowa ta ce min Malam aikin nan naka ne.

Ga wanda ba a harkar yake ba, abin da ake magana a kai manhaja ce guda wadda take riƙe duk aikin laburare, wato katalog ɗin littattafai, da sunayen masu karatu, da aro da dawowa, da tarar wanda ya makara, da lissafin sabbin littattafan da aka sayo, sannan da shafin da ɗalibi zai buga sunan littafi ko marubuci ya ga ko akwai kuma a wace kanta yake.

Da farko ta waya na yi aikin. Na kira mutum uku da muka yi karatu tare, ɗaya yana wata jami'a, ɗaya a wata kwalejin fasaha, ɗaya a kwalejin ilimi irin tamu, na yi musu tambaya iri ɗaya, nawa kuka kashe. Na jami'a ya kira min miliyoyi masu yawa, na kwalejin ilimi ya kira abin da bai kai rabin rabin wancan ba, na kwalejin fasaha kuwa dariya ya yi ya ce mu ko sisi, manhajar Koha muke amfani da ita ai kyauta ce. Na jera su a shafi ɗaya na kai wa Hajiya ina ganin an gama. Ta karanta ta ajiye, ta ce, "Malam wannan farashin ranar saye ne ka kawo min, ni so nake in san abin da suke ci gaba da biya. Shiga mota ka je ka gani, gani ya kori ji."

Na fara da jami'ar. Gaskiya abinsu yana aiki, na tsaya a teburin aro na ga wata ɗaliba ta miƙa littafi biyu da katinta, aka haska bakod ɗin ƙit ƙit, ko minti ɗaya ba a yi ba ta wuce. Manhajar ta wani kamfanin waje ce, an saya da lasisi, kamfanin ne ya zo ya ɗora ya horar da ma'aikata. Amma da muka zauna a ofishin abokin nawa ya jawo fayil sai labari ya canza, domin bayan kuɗin saye akwai kuɗin kulawa da ake biya duk shekara, kuma a dala aka rubuta shi a kwantiragin. Kowa ya san abin da ya sami naira, a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka saki naira a watan Yuni, kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Ɗauka misali kuɗin shekarar dala dubu goma ne, da miliyan huɗu da dubu ɗari shida za ka biya, a farkon 2024 kuma sai ka nemo miliyan goma sha biyar, alhali kamfanin bai ƙara ko kwabo ba, kai ma ba a ƙara maka ko kwabo a kasafinka ba. Ya ce min sayen da kuɗin wani aiki na musamman aka yi, an biya lokaci ɗaya an wuce wurin, amma sabuntawar daga kuɗin gudanarwa na yau da kullum za ta fito, inda ake rububin kuɗin takarda da man janareta da gyaran fanka. A lokacin da na je sun yi jinkirin biya, manhajar tana tafiya amma in ta sami matsala ba wanda za su kira.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, manyanmu a aikin sun sha ba mu labari. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, da rancen Bankin Duniya, ta raba wa laburaren jami'o'in tarayya wata manhaja mai suna TINLIB, a yawancin wurare ba ta yi nisa ba aka bar ta. Wasu suka riƙe CDS/ISIS ta UNESCO wadda ake bayarwa kyauta. Daga baya a shekarun 2000 gidauniyoyin Carnegie da MacArthur na Amurka suka tallafa wa jami'o'i shida, ABU Zariya da Bayero Kano da Jos da Ibadan da Ife da Fatakwal, aka ɗora musu Virtua ta kamfanin VTLS. Shi kansa VTLS ɗin a 2014 kamfanin Innovative ya saye shi, Innovative kuma ya koma hannun ProQuest a 2020, ProQuest ɗin ma Clarivate ya saye shi a 2021. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, kai da ka sa hannu a kwantiragi da kamfani ɗaya, bayan shekara goma za ka iya samun kanka kana magana da wasu mutane daban waɗanda ba su san ka ba kuma suna da wata sabuwar hajar da suka fi so su sayar maka, wannan ma kuɗi ne, sai dai ba ya fitowa a takardar farashi.

Wuri na biyu shi ne wanda ya fi tsaya min a rai, kwalejin fasahar da aka ce min ko sisi ba su kashe ba.

Koha dai gaskiya ne kyauta ce. A 1999 aka rubuta ta a ƙasar Niyu Zilan, wani kamfani Katipo ya yi wa laburaren yankin Horowhenua saboda tsohuwar manhajarsu ba za ta tsallake matsalar shekarar 2000 ba, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, suka kuma sake ta ga duniya kowa ya ɗauka ya gyara. Sunan ma a harshen Maori ma'anarsa kyauta. Har yau ana fitar da sabuwa sau biyu a shekara, Mayu da Nuwamba, kuma laburare da yawa a Najeriya sun koma kanta. Ba mai tambayarka lasisi ba mai turo maka takardar bashi a dala. Duk wannan haka yake.

Abokina ya kai ni ɗakin da suka ajiye saba, wato babbar kwamfutar da komai yake ciki. Ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin bene, lokacin hunturu ne, ƙura ta yi fari fat a kan akwatin har za ka iya rubuta sunanka da yatsa, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun bara, batiran inbata guda huɗu a ƙasa biyu sun kumbura kamar burodi. Na tambaye shi wa ya ɗora muku, ya ce wani yaro ne mai ƙwazo da ya zo bautar ƙasa, ya iya Linux sosai, wato tsarin kwamfutar da ake ɗora Koha a kai, shi ya yi komai a wata uku, aka ji daɗi aka yi ta shigar da littattafai. Yaron ya gama shekararsa ba a ɗauke shi aiki ba ya tafi Legas. Daga nan ba wanda ya ƙara sabunta manhajar saboda kowa yana tsoron kar ya taɓa ta lalace. Yaron ya saita ta tana ajiye kwafin bayanai duk dare, amma a cikin ita kwamfutar dai kwafin yake zama, ba wanda aka ɗora wa alhakin ya riƙa kwashewa zuwa wani wuri. Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi faifan ajiyar ya ƙone, asali da kwafi duk suka tafi tare. Abin da ya cece su wani tsohon kwafi ne da aka samu a filashin wani ma'aikaci, shi ma ya kusa shekara da ɗauka.

Na fito na tarar da wata baiwar Allah a sashen katalog, ta manyanta, gilashinta a kan hanci, ga tulin littattafai a gefenta tana sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe ta na ce Baba sannu da aiki. Ta ce "Yauwa ɗana, waɗannan duk na taɓa shigar da su da hannuna, ga alamar fensirina nan a bangon ciki." Ta buɗe ɗaya ta nuna min. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Aikin wata da watanni na matar nan ya tafi, kuma babu wata takarda a ofishin ma'aji da za ta nuna an yi asarar ko naira ɗaya, shi ya sa abokina da zuciya ɗaya ya ce min ba su kashe komai ba. Ba ƙarya ya yi ba, ba a rubuta ba ne.

Na uku ba zan daɗe a kansa ba. Wani ɗan kwangila ne ya rubuta musu tasu manhajar, da araha, ga ta da kyan gani har da hoton ƙofar makaranta a shafin farko. Na tambaye su in kuna son barinta gobe za ku iya fitar da bayananku a tsarin MARC, wato tsarin da laburaren duniya suka yarda da shi wanda kowace manhajar kirki take karantawa, sai aka yi shiru. Babu. Bayanan suna cikin wani tsari da mai kwangilar kaɗai ya sani, shi kuma ya daina ɗaga waya tunda aka riƙe masa cikon kuɗinsa. Duk ranar da suka tashi sauyawa daga farko za su fara. Araha ba ta ado.

Da na dawo muka zauna da Hajiya kwana uku muka watsar da shafin farko, muka ce bari mu lissafa abin da kowace hanya za ta ci mana a shekara biyar, ba ranar saye kaɗai ba. A nan na gane dalilin da ya sa kwatanta kuɗin laburare da laburare yake yaudarar mutum, domin kowa abin da ya fita daga aljihun laburarensa kawai yake ƙirgawa. Jami'ar nan tana da sashen kwamfuta mai ma'aikata da yawa, sabarsu tana can ɗakin sashen mai sanyi da wuta dare da rana, albashin masu kula da ita da kuɗin wutar da na intanet duk a wani kasafi daban suke, abokina bai sa su a lissafi ba don bai taɓa ganin takardarsu ba. Mu kuwa ba mu da wannan gatan, duk abin da su aka ɗauke musu mu a kanmu zai faɗo. Kenan ko da manhaja iri ɗaya muka ɗauka da su, kuɗinmu ba zai zama ɗaya ba.

Wuta ta ci wuri babba a lissafin. Muna cikin aikin ne ma a watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, dizal kuma ta riga ta haura naira dubu a lita. Saba ba ta son a riƙa kashe ta ana kunnawa, kuma in wuta ta ɗauke tsakiyar aro layi ne zai taru a koma rajista, daga baya a manta ba a shigar ba, lissafin littattafai ya rikice. Dole muka sa sola da batira a ciki, muka kuma sa kuɗin canza batiran tunda ba za su kai shekara biyar lafiya ba. Mun duba hanyar ba wa wani kamfani ya riƙe mana Koha ɗin a sabarsa mu riƙa biya, ta rage ciwon kan ƙura da ƙonewar faifai, amma sai intanet ya zauna daram kullum, namu kuwa in hadari ya taso sai a hankali, kuma in sabar a waje take an sake komawa gidan dala.

Amma abin da ya fi komai tsada, a duk hanyoyin uku, shi ne shigar da littattafan kansu, kuma shi ne ba wanda ya ambata min a waya. Yi lissafin da kanka, ɗauka kana da littafi 30,000 kuma mutum ɗaya yana iya shigar da 30 a rana da kyau, har da buga lamba da manna bakod da mayarwa kanta, kwana 1,000 kenan na mutum ɗaya, in mutum huɗu ne kwana 250, wato shekara guda cur ta aiki ba su yi komai ba sai wannan. Littattafan Turanci da aka buga a waje suna da sauƙi, Koha tana iya jawo bayanansu daga Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ta wata hanyar musayar bayanan katalog mai suna Z39.50, ka buga lambar shaidar littafi ta ISBN su fito ka ɗan gyara. Toh mu kwalejin ilimi ce mai sashen Hausa da na Larabci da na addini. Littattafan da ake bugawa a Kano da Zariya da Sakkwato da yawansu ba su da ISBN, wasu ko shekarar bugu babu, ga na Larabci, ga 'yan ƙananan littattafan ajami, ga kundayen binciken ɗalibai jibgi guda, waɗannan ba inda za ka jawo su, sai ka zauna ka ɗauki kowanne ka duba ka rubuta. Laburaren da yawancin kayansa na kimiyya ne da Turanci zai gama a rabin lokacinmu, in ka kwatanta kuɗinsa da namu ba ka faɗi wannan ba ka zalunce mu.

Akwai kuma wani ɗan abu da na gano da na ɗora Koha a tsohuwar kwamfuta don gwaji. Na shigar da wani littafi mai kalmar ƙasa a sunansa da ƙ mai lanƙwasa yadda ya kamata, na koma shafin bincike na buga kasa yadda ɗalibi zai buga a wayarsa, bai fito ba. Ana iya gyarawa a saitin bincike ta yadda k za ta kamo ƙ, d ta kamo ɗ, b ta kamo ɓ, amma sai wanda ya san inda zai taɓa. Irin waɗannan ƙananan abubuwan su suke sa ɗalibi ya gwada sau biyu bai samu ba ya ce abin ba ya aiki, ya daina zuwa. Don haka muka sa kuɗin horar da mutum biyu, ba ɗaya ba, kuma ma'aikatan dindindin.

Da muka haɗa komai Koha ta fi sauƙi a shekara biyar, nesa ba kusa ba in aka kwatanta da ta kamfanin waje, amma jimillar ba ta yi kama da kyauta ba ko kaɗan. Ranar da muka kai rahoton shugaban kwaleji ya duba shafin ƙarshe ya ɗago ya ce, "Hajiya ba ke kika ce min wannan kyauta ake bayarwa ba? To wannan miliyoyin na mene ne?" Ta ce, "Ranka ya daɗe ko doki aka ba ka kyauta ai kai za ka nemo masa harawa da mai kula da shi." Ta sa na ba shi labarin matar nan da alamar fensirinta, ya yi shiru yana juya biro a hannu.

Ma'aji ne ya so ya cire layin horarwa, ya ce a bar wa sashen kwamfuta su riƙa leƙowa, ya kuma ce batiran a rage su zuwa rabi. Hajiya ta yarda a rage yawan kwamfutocin da ɗalibai za su yi bincike a kai daga goma zuwa shida, ta yarda a jinkirta sayen injin buga katin shaida, amma horarwa da batira ta ce in za a taɓa su gara a fasa aikin gaba ɗaya a bar mu da akwatin katinmu, domin shi ko ba wuta yana aiki. An ɗan ja, ƙarshe aka bar mata.

Yanzu ni da wata abokiyar aikina muke kula da ita. Sabar tana ofishin Hajiya inda ake share ƙura kullum, duk ranar Alhamis kafin a tashi muna kwashe kwafin bayanai a faifai biyu, ɗaya yana zama a ofishin magatakarda ɗaya Hajiya take tafiya da shi gida, kalmomin sirri kuma an rubuta su an rufe a ambulan an sa a sef, duk wanda ya canza sai ya canza na cikin ambulan ɗin. Littattafan Turanci mun ci ƙarfinsu, an fara aro da bakod a sashen ilimi da na kimiyya. Na Hausa da na Larabci muna kai, kanta bakwai suka rage a ɗakin baya, kuma jiya ma rabin yini na yi a kan wani ɗan littafin waƙoƙi da bangonsa ya cire, sai da na kai wa wani tsohon malami a sashen Hausa ya karanta baiti biyu na farko sannan ya gaya min sunan mai shi.